Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi kan kwafin zanen Jar Gonar Inabi

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu masu sana'ar ɗaura zane a firam ne, ta hannunmu kayanku ke bi kafin su hau bangon waɗanda suka saya. Kukanmu a kan kwafin zanen Vincent van Gogh ne, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holan, wanda aka sani da Jar Gonar Inabi. Kuna tallata shi da cewa aikin hannu ne da fentin mai tun daga farko har ƙarshe, amma abin da ke isowa ba haka yake ba.

Duk wanda ya ɗora madubin ƙara girma mai ninki 10 a kan sararin samaniyar zanen, daf da rana, zai ga ƙananan ɗige-ɗige na tawada. Buroshi ba ya yin irin wannan ɗigo, aikin injin buga hoto ne. An buga hoton a kan yadi, aka bi shi da fenti nan da can, sauran wurin kuma aka shafe shi da wani ruwa mai kauri da ke bushewa garau don ya yi tudu. A haska tocila daga gefe, a kwance da yadin, sai asiri ya ƙara tonuwa: sawun buroshi guda ya taso daga gadon bayan wata mai tsinkar inabi, ya ratsa jan ganye, ya faɗa kan hanya, launi uku a ƙarƙashinsa ko ɗaya bai motsa ba. A zanen hannu na gaskiya tudu da launi abu guda ne, domin fentin ne tudun.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a aikin Van Gogh, don a sawun buroshin ƙarfinsa yake. Ya zana gonar ne a watan Nuwamba na 1888, kusa da garin Arles a kudancin Faransa, lokacin da kaka ta mayar da ganyen inabi ja. Fenti ya zuba da kauri a kan yadi mai kaushi irin na buhun algarara. Naku yadin santsi gare shi, na roba ne, ba ya kama fenti, ko farce aka sa sai ya ɓamɓaro.

Sai girma. Asalin zanen, wanda ke gidan tarihi na Pushkin a Mosko, tsayinsa santimita 75 ne, faɗinsa 93. Ku kuna sayar da shi a 60 da 90. In tsayi ya zama 60, faɗi bai kamata ya wuce 74 da ɗan ɗoriya ba. Ragowar santimita kusan 16 ɗin miƙe hoton aka yi a kwamfuta, shi ya sa rana ta fito kamar ƙwai, ma'aikatan gonar kuma suka gajarce suka yi faɗi. Mai zane da hannu ba ya irin wannan kuskure.

Launin ma ya kauce. Shi kansa Van Gogh ya bayyana wa ƙaninsa Theo a wasiƙa cewa ƙasar wurin ta koma shunayya bayan ruwan sama, tana ƙyallin rawaya inda rana ta haska. Shunayyar nan ta gaban zanen ita ke sa rawayar sama ta yi haske. A kwafinku ta koma ruwan ƙasa, jan kuma ya zama ruwan goro bai ɗaya, ba duhu ba haske.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne yadda ake naɗo kayan. Fentin mai ba ya bushewa ta hanyar tsanewa, iska yake sha a hankali har ya ƙanƙare. Samansa kan bushe cikin kwanaki ko mako biyu, amma mai kauri cikinsa na nan ɗanye har watanni, shi ya sa masana ke jiran wata 6 zuwa 12 kafin su shafa man sheƙi na ƙarshe. Ku kun shafa shi a kan ɗanyen fenti, kuka rufe masa hanyar iska, sai saman ya yamutse. Daga nan kuka ɗora leda mai kumfa kai tsaye a fuskar zanen. Zafin hanya ya sa ta liƙe, in an ɓare sai ta bar sawun zagaye-zagaye a jikin fentin, wani wurin ma ta taho da shi. An kuma naɗe shi fuska a ciki, a siririn bututu. Naɗin ciki matse fenti yake yi, ranar da aka warware sai ya tsage. Fuska waje ake naɗewa, a bututu mai faɗin santimita 10 ko fiye, da takardar da ba ta liƙewa a tsakani. A ƙasarmu kuwa, da hunturu ya shigo iska ta bushe ƙayau, tsagar da ba a gani da damina sai ta buɗe baki.

Gefen yadin da kuke bari bai kai santimita 2 ba. Ana bukatar aƙalla 5 a kowane ɓangare kafin filaya ta kama, a ja a lanƙwasa bayan katako. In babu, dole a cinye wani sashe na zanen, mai kaya kuma mu yake tuhuma.

Ba mu da ja da sayar da hoton da aka buga, sana'a ce halas, kuma akwai masu so. Amma a kira shi da sunansa, a sa masa kuɗinsa. Muna neman ku mayar wa waɗanda suka saya kuɗinsu, ku ɗauki nauyin dakon mayar da kayan, ku kuma cire maganar aikin hannu daga tallanku. In kuna da masu zanen gaske, ku riƙa tura wa mai saye hoton yadin tun yana fari, da na tsakiyar aiki, da ranar da aka kammala, ku kuma gaya masa tun farko cewa zai jira fenti ya bushe. Har sai mun ga haka, mun daina karɓar wannan kaya don ɗaurawa, kuma duk wanda ya tambaye mu dalili za mu miƙa masa madubi da tocila ya duba da kansa. Muna sauraron amsarku a rubuce.

Naku,
Masu sana'ar ɗaura zane a firam