Toshewar magudanar ruwa daga wurin wanke-wanke take farawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da magidanta da iyayenmu mata game da toshewar rariya da bututun ruwan wanke-wanke da na banɗaki, matsalar da da wuya a sami gida a birnin Kano da bai taɓa fama da ita ba. Gyaran famfo ne sana'ata, kuma na daɗe ina shiga gidajen jama'a ina buɗe abin da ya toshe. Kowace damina, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi ƙarfi, ana kokawa da hukuma a kan manyan lambatu da kwalbatocin da suka cika, kuma koken yana da hujja. Sai dai duk wanda ya tsaya ya dubi abin da ake yasowa daga cikinsu zai tarar da cewa kaso mai yawa daga gidajenmu ya fito, ta wannan 'yar rariyar da ke gindin katanga, wadda ba mai kula da ita sai ranar da ruwa ya dawo tsakar gida.

Babban mai laifi a wurin wanke-wanke shi ne maiƙo. Uwargida takan ga ragowar manja ko romo mai kitse yana ruwa-ruwa a cikin tukunya mai zafi, sai ta ɗauka cewa haka zai bi bututu ya fita, alhali da zarar ya taɓa sanyin bututun yake daskarewa ya manne a jikinsa. Kowa ya san yadda manja yake yin gudaji a cikin kwalba da sanyin safiya, kitsen shanu da na rago kuwa sun fi shi saurin kamewa, domin ko da zafin rana ba sa narkewa sai an ɗora su a wuta. Wannan ne dalilin da ya sa ake yawan neman mu da hunturu, a watannin Disamba da Janairu, da kuma makonnin da ke bin Babbar Sallah, lokacin da kowane gida ya yi suyar naman layya ya wanke kaskon a bakin rariya. Man gyaɗa ba ya daskarewa kamar su, amma shi ma yana shafe cikin bututu da danƙo, kuma duk abin da ya biyo baya a nan yake maƙalewa.

Abin da ke biyo bayan kuwa yana da yawa a gidan Bahaushe. Akwai ƙasarin da ake zubarwa bayan an wanke surfe, da dusar da ta rage bayan an tace gasara, da ƙanzon da aka jiƙa aka kankare daga gindin tukunyar tuwo, da ƙwayoyin shinkafa da suke kumbura idan sun kwana a ruwa. Uwa uba akwai toka da yashin da ake dirje bayan tukunya da su. Yashi yana da nauyi, ba ya tafiya da ruwan da ba shi da ƙarfi, don haka yakan kwanta a duk inda bututu ya yi gwiwa. Ita kuwa toka, iyayenmu da suke dafa sabulun gargajiya sun san abin da take yi idan ta haɗu da mai: takan mayar da shi wani abu mai kauri da ruwa ba ya ɗauke shi cikin sauƙi. Irin wannan haɗin ne nake fasawa da ƙarfe a cikin bututun gidaje, fari-fari, da tauri da ɗoyi. Matsalar ba ta tsaya ga ƙasashe matalauta ba, domin a shekarar 2017 ma'aikatan ruwa a birnin Landan sun tarar da wani curin kitse da tsummokan goge jarirai a ƙarƙashin unguwar Whitechapel, mai nauyin kimanin tan 130 da tsawon mita 250, kuma sai da suka shafe makonni suna farfasa shi. Idan magudanar da mutum zai iya tafiya a cikinta ta toshe da kitse, to babu abin mamaki don bututun inci 2 ya toshe.

A banɗaki kuma gashi ne da guntayen sabulu, musamman gashin da aka taje bayan tsifar kitso da zaren ƙarin gashi, wanda ba ya ruɓewa sam. A masai na zamani mai ruwa, abin da na fi cirowa shi ne famfas ɗin jarirai da audugar mata da ledar fiya wata. Na san kunya ce take sa mata da 'yan mata jefa audugar a masai don kada a gan ta a shara, kuma ban ga laifin kunyar ba, amma an yi audugar da famfas ne domin su tsotse ruwa su kumbura, kuma hakan suke yi a cikin bututu. Maigida ya ajiye ƙaramin bokiti mai murfi a banɗaki, a naɗe abin a takarda ko leda a jefa a ciki, sirri ya tsaru kuma bututu ya tsira.

Riga-kafin wannan duka ba shi da tsada. A bar mai da romo su huce, a kwashe su da cokali a zuba a tsohon gwangwani, a goge kasko da takarda ko dusa kafin a kai shi wurin wanki. Ragowar abinci da dusa da ƙasari abincin awaki da kaji ne, wanda ba ya kiwo ma ba zai rasa maƙwabcin da yake so ba. A kafa ragar ƙarfe mai ƙananan idanu a bakin kowace rariya, a riƙa kakkaɓe ta a kwandon shara kullum bayan an gama wanke-wanke. Abin da na fi jaddadawa shi ne ƙaramin ramin siminti mai murfi, wanda magina suke kira camba, a tsakanin wurin wanke-wanke da hanyar fitar ruwa. Idan aka gina shi da ɗan zurfi, aka sa bututun fita ya lanƙwasa ƙasa ya nutse cikin ruwan, yashi zai kwanta a ƙasa, mai zai taso sama ya daskare, ruwan tsakiya ne kaɗai zai wuce. Sau ɗaya a mako a ɗaga murfin a kwashe. Bulo kaɗan da rabin buhun siminti sun isa, kuma kuɗinsu bai kai na fasa tayil da sake shimfiɗa bututu ba.

A nan dole in yi magana da 'yan'uwana masu sana'a da kuma masu gini, domin wani toshewar tun ranar da aka binne bututu aka haife shi. Bututun ruwan datti yana buƙatar gangara ta kusan santimita 2 zuwa 3 a kowace mita guda, kuma na masai bai kamata ya gaza inci 4 ba. Sau da yawa maigida yakan matsa a sa ƙaramin bututu mara kauri don rage kuɗi, ko birkila ya shimfiɗa shi a kwance ba tare da ya ɗora ma'auni ba, ko a yi ta karya shi da gwiwa bayan gwiwa ba tare da an bar wurin dubawa ko ɗaya ba, sannan a malale siminti a kai. Irin wannan gida ko masu shi sun fi kowa tsafta sai ya toshe. Wanda ya je Kasuwar Ƙofar Ruwa sayen kayan famfo ya nemi bututu mai kauri, ya kuma tsaya da kansa ranar shimfiɗawa, a zuba bokitin ruwa a gabansa ya ga yadda yake gudu kafin a rufe da ƙasa.

Idan kuma an riga an toshe, a fara da abin da ya fi sauƙi. A ƙarƙashin kwamin wanke-wanke akwai wani lanƙwasasshen bututu da yake riƙe ɗan ruwa domin ya tare wari da kyankyasai, kuma mafi yawan lokuta a nan dattin yake taruwa. A tara bokiti a ƙasa, a warware shi da hannu, a wanke a mayar. Idan ba a nan ba ne, a yi amfani da robar tsotso mai mariƙin itace, bayan an cika kwamin da ruwa har ya rufe bakin robar, an kuma toshe ƙaramar kafar da ke sama da tsumma domin iska kada ta tsere. Gashi kuwa da waya mai lanƙwasasshen baki ake jawo shi waje, kada a tura shi ciki. Ga maiƙo, ruwa mai zafi da omo a zuba a hankali sau biyu ko uku yana taimakawa, amma kada ya zama tafasasshe yana ɓararraka, domin farin bututun roba da muke amfani da shi yana yin laushi da tsananin zafi, mahaɗarsa ta saki. Haɗin bakar hoda da ruwan kal da ake yaɗawa a Facebook kumfa kawai yake tayarwa, saboda ɗayan yana kashe ƙarfin ɗayan, kuma ba ya narkar da kitsen da ya kame. Kada kuma a zura rodi a yi ta soka da ƙarfi, domin idan ya huda bututu a ƙarƙashin daɓe, ruwan zai riƙa tsiyaya gindin gini ba a sani ba, har kanwa ta ci katanga ta fara zuba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa, shi ne yadda ake tuttula sinadarai a bututu ba tare da sanin haɗarinsu ba. Wasu sukan sayo asid, wasu sodar yin sabulu, wasu kuma idan na farko bai yi aiki ba sai su bi shi da bilic, wato ruwan wankin fararen kaya. Haɗuwar bilic da asid tana fitar da iskar kulorin mai guba, wadda take ƙona idanu da maƙogwaro da huhu, kuma a cikin ƙaramin banɗaki mara taga tana iya kayar da babban mutum, balle yaro. Soda kuwa idan ta taɓa ruwa zafi take yi sosai, tana iya tartsatsi ta dawo fuska, kuma ɗigo ɗaya a ido ya isa ya jawo makanta. Na taɓa buɗe bututu a wani gida da aka zuba wa asid aka ɓoye mini, ruwan ya fallatsar mini a hannu ya saɓule fata. Don Allah duk wanda ya zuba wani abu, ya gaya wa mai gyara gaskiya kafin ya sa hannu. Wanda irin wannan ruwa ya taɓa ya yi ta kwarara ruwa mai tsabta a wurin na tsawon aƙalla minti 15, sannan a garzaya da shi asibiti. Haka nan kada a bari kowa ya shiga cikin sokawe ko shadda don ya buɗe ta daga ciki, domin iskar da take taruwa a can tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma a can yake faɗuwa. A kira masu motar zuƙe masai.

Ruwan da ya tsaya saboda toshewa ba wari kaɗai yake kawowa ba. Yana tara sauro da ƙudaje, kuma yana tsiyaya cikin ƙasa zuwa rijiya. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da masai ko sokawe, amma a filotan da ake yankawa yanzu, gidan gaba ɗaya bai kai wannan tsawon ba, kuma rijiyar wannan gida tana jingine da sokawen maƙwabci. A irin wannan hali bututun da ya fashe ko cambar da ta tumbatsa hanya ce ta kai-tsaye zuwa ruwan sha. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa ta ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabtaka. Wasu idan rariyarsu ta buɗe, sai su tura dagwalon da tsintsiya zuwa kwatar layi su koma gida, ya je ya tsaya a ƙofar wanda yake gangare, 'ya'yansa su riƙa tsallaka shi a hanyar makaranta, masallata kuma su riƙa tattare riga. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, to ina ga wanda yake zuba shi da hannunsa? Mu tuna kuma cewa ruwan kwatocin unguwanni da yawa na cikin birni Jakara yake faɗawa, ya bi ta har madatsar Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir, kuma a gefen wannan ruwa ake noman rani na latas da alayyahu da sauran ganyen da suke dawowa kasuwanninmu. Baƙin man inji da wasu suke zubawa a kwata wai don kashe sauro, da asid ɗin da aka tuttula a bututu, wannan hanyar suke bi.

Ina da roƙo ga masu unguwanni da masu gidajen haya. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, inda kowa yake ganin rariya ba tasa ba ce, ya kamata maigidan ya gina camba da kuɗinsa, ya kuma sa sharaɗin kwashe ta bi da bi cikin yarjejeniyar haya tun ranar karɓar makulli. A ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata kuma, matasan da suke yashe kwata suna ƙoƙari, Allah ya saka musu, sai dai dattin da aka tara a bakin lambatu aka bari, ruwan sama na gaba yake mayar da shi inda ya fito, don haka a haɗa kuɗin mai kura ko baro da zai kwashe shi a ranar. Ina kuma kira ga hukumomin lafiya na ƙananan hukumomi da su ƙarfafa aikin duba-gari, wanda dattawanmu suke ba da labarin yadda a da yake shiga gida-gida yana leƙa randa da rariya, a kuma sa mata cikin ma'aikatan domin su iya shiga har wurin wanke-wanke su nuna wa matan gida yadda ake kafa raga da kwashe camba kafin saukar damina mai zuwa.

Wassalam.

Naku,
Wani mai gyaran famfo, daga Kano.