Ba kullum ne laifin kafireta ba

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in yi kira ga makanikanmu na yankin Ringim masu gyaran tsofaffin Peugeot 504. Mota da an taka totur ta shaƙe kafin ta ɗauka sai a kwance kafireta a wanke a caji direba, alhali sau da yawa taimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta) ne ya yi baya ko kwantak (mai katse wuta a cikin distributa) ya cinye, wallahi abin na damuna. A fara cire filtar iska, injin a kashe, a taka totur a leƙa cikin kafireta, in fetur ya tsarto to famfon kafireta lafiya lau, a koma kan distributa da fulogi. In kuma injin na ƙwanƙwasa a hawa mai yiwuwa taimin ya yi gaba da yawa.

Naku, wani direba daga Ringim, Jigawa.