Rahoton Shekara na Zauren Muhawararmu, Daura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ciyaman ya ce in saka rahoton bana a guruf tunda ba kowa zai samu zuwa mitin ɗin ƙarshe ba.

Zaman wata-wata mun yi shi in ban da na azumi da muka ɗaga, mun je dubiya asibiti, kacici-kacicin 'yan sakandare ma ya tafi lafiya. Kuɗin wata kuwa wasu sun yi gum, ma'aji ne ke cika na man janareta daga aljihunsa, a ji tsoron Allah.

Zaman da ya fi zafi shi ne na hirar Janar Abdourahamane Tchiani, shugaban mulkin sojan Nijar, wadda ya yi da Hausa a talabijin ɗin Nijar a Disambar 2024, ya zargi gwamnatin Najeriya da haɗa baki da Faransa don a hargitsa ƙasarsa. Wani memba ya ce a haska ta a zaure, nan fa aka rabu biyu. Wani dattijonmu cewa ya yi, "Yara, wanda ya zagi gidanku ba a shimfiɗa masa tabarma," ai shi kansa Janar ɗin a watan nan gwamnatinsa ta dakatar da BBC wata uku, RFI da France 24 kuwa tun 2023 aka toshe su, to don me mu za mu ara masa lasifika? Matasa suka ce Baba ai hirar ta riga ta shiga wayar kowa, har mai shayin bakin tasha ya kalla, kuma mu da muka ga yadda hanyar Kongolam ta mutu da aka rufe boda bayan juyin mulkin Yulin 2023, ga dangi a Damagaram da Maraɗi, dole mu ji me maƙwabci ke faɗa.

Wani malamin makaranta ya kawo misalin jami'ar Columbia ta Amurka da ta gayyaci Ahmadinejad, shugaban Iran na lokacin, a 2007, aka yi ta zanga-zanga, shugaban jami'ar Lee Bollinger ya wanke shi tas a gaban jama'a kafin ya ba shi makirfo, sannan aka yi masa tambayoyi. Aka tuno Gaddafi ma, da aka bar shi shi kaɗai a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2009 ya kwashe sama da awa ɗaya da rabi maimakon minti 15, a 2010 kuma ya ce a raba Najeriya, har aka janyo jakadanmu daga Tripoli.

Ni dai gaskiya da farko ina bayan Baba, amma da aka haska hirar aka bi ta da martanin Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro a lokacin, a BBC Hausa, sai na ga yaran nan suna tsayar da bidiyon suna tambaya, wannan wurin da Janar ɗin ya ambata a wace jiha yake, ina hujja? Har aka kira Magariba ba a gama ba, shayin ma ya huce.

Matsayar da aka ɗauka ita ce za a riƙa sauraron irin waɗannan jawabai a zaure, amma sai da martanin ɗaya ɓangaren da lokacin tambaya. Guntun bidiyo da aka yanke kuwa admin zai goge shi daga guruf, ko waye ya turo. Baba bai sa hannu ba, ya ce a rubuta cewa bai yarda ba, ga shi na rubuta.

Zaɓen sabbin shugabanni sai zama na gaba, mai bashi ba ya ƙuri'a.

Sakatare