Sanarwa kan ƙa'idojin gyaran hanyoyin karkara

Assalamu alaikum ƴan uwa. Hukumar kula da hanyoyi ta fito da daftarin ƙa'idojin zaɓen hanyoyin karkara da za a gyara, tana neman ra'ayin jama'a kafin ta amince da shi. Don Allah kowa ya karanta, ya kuma karanta wa iyayenmu.

Kun dai ga kwalbatinmu da damina: motar tumatir ta kafe, kaya suka ruɓe, mai naƙuda sai a amalanke. Ni abin da nake so mu tambaya shi ne, da wane ma'auni ake fifita wata hanya kan wata, kuma a ina za a liƙa sunayen waɗanda aka zaɓa? Dokar ƴancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa rubutacciyar buƙata.

Mu haɗu ƙofar gidan Maigari ranar Juma'a bayan la'asar.