Wasiƙa daga Delhi kan maganar allurar korona

Assalamu alaikum Yaya, ya gida, ya su Inna da yara? Na ji saƙonka cewa Baba ya rantse ba mai tsira masa allurar korona, wai so ake a kashe wa mutane haihuwa, shi ya sa na kasa haƙuri na ce bari in rubuto.

Wallahi nan Indiya ma haka aka yi ta fama. Da aka fara ranar 16 ga Janairu 2021 har ma'aikatan asibiti wasu noƙewa suka yi, musamman kan Covaxin, allurar da Indiya ta ƙirƙira da kanta, don an amince da ita tun ba a gama gwajin ƙarshe ba. Dattijon da nake haya a gidansa ya ce min shi har gobe bai manta zamanin Firaminista Indira Gandhi ba, wajen 1976, lokacin da aka dinga kwasar talakawa maza ana musu aikin hana haihuwa ƙarfi da yaji, to wanda ya ga wannan da idonsa ta yaya za ka ce masa tsoronsa shirme ne? Nan take na tuna Kano da maganar Pfizer da rigimar foliyo. Ko daga baya ma, a watan Mayu, a Barabanki ta jihar Uttar Pradesh har kogi wasu suka faɗa da suka hango masu allura.

Sai Afrilu ta zo, muna cikin azumi, korona ta ɓarke. Yaya ban taɓa ganin tashin hankali irin wannan ba, jiniyar motar asibiti dare da rana, mutane sun yi layi da tukwanen oksijin suna kuka, matar maƙwabcinmu da ke aiko min abinci a cikin mota ta cika a ƙofar asibiti, ba gado. Daga nan labari ya sha bamban, masu gudun jiya su ne ke kwana suna danna CoWIN, manhajar rajistar allura, a waya, gurbi ya gagara. Dattijon nan ni na raka shi, riƙe da katinsa na shaida, Aadhaar, hannu na rawa.

Ni Covishield aka min, duka biyun, zazzaɓin kwana ɗaya da tsamin hannu shi ke nan. Kuma irinta ce aka kawo Najeriya a watan Maris, a garin Pune na nan Indiya aka yi ta. Don Allah kar ka ja da Baba, ka karanta masa wannan a natse bayan isha'i, ka tuna masa da ciwon sugansa, in ya yarda ka kai shi da kanka. A gaida Inna, ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka.