Wasiƙa kan salansar Boxer ɗinka

Tudun Wada, Kaduna

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya Fatakwal, ya ruwa, ya haƙuri da zaman nesa da gida? Nan kowa lafiya. Hajiya tana gaishe ka, ƙafar ma da sauƙi, har ta koma zuwa islamiyya.

Kuɗin da ka turo sun iso, kuma an gama gyaran Boxer ɗin da ka bar wa Auta. Abin da maƙwabta suka faɗa maka a waya gaskiya ne, ba su ƙara gishiri ba. Yaron ya kai salansar wajen wani mai walda, aka yanka ta, aka zare duk abin da ke cikinta, aka mayar aka liƙe, ta zama fanko. In ya tayar da mashin da asuba, har layin baya ana ji. Akwai jariri a gidan da ke kallon naku, ga tsohon nan na kusa da masallaci da ke fama da hawan jini. Hajiya ta yi shiru ne don kar ranka ya ɓaci, amma ita ke shan kunyar a unguwa, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Ban yi masa faɗa ba. Na tambaye shi dalili, ya ce abokansa sun ce in an fasa salansa mashin ya fi gudu, kuma masu mota sun fi jin zuwansa. Na ce to, kawo sufana mu kwance fulogi. Da ya fito, bakinsa fari fat, alhali lafiyayyen fulogi ruwan ƙasa yake yi. Nan na zaunar da shi. Tun daga masana'anta an daidaita kafireta ne da wannan salansar. Da zarar an buɗe ta, iska takan rinjayi fetur, injin ya riƙa ɗaukar zafi fiye da ƙima, a hankali bawul ɗin da ke fitar da hayaƙi ya ƙone. Harbin nan da mashin ke yi tas-tas in an saki totur, wanda su suke jin daɗinsa, alamar ciwon ce. Kuma injin 100cc ne, an ƙera shi don ɗaukar kaya da tsimin mai. Ƙara ba ta ba shi gudu. Shi da kansa ya yarda cewa in ya goya mutum, tashin ya fi wuya fiye da da.

Abin da ya fi tsorata ni kunnensa ne. Masana lafiya sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, awa 8 ne iyakar abin da kunne zai ɗauka a yini, in ta kai 100 kuwa minti 15 ne kacal. Auta yini yake a kan mashin ɗin nan, kuma ya ce in ya kwanta yana jin kunnensa na ƙara. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Ko ta fuskar doka ma, hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, tana da ƙa'idojin hana yawan ƙara tun 2009.

Kasuwar Panteka muka je, da shi. Mutumin farko da muka samu ya ce a cusa soson ƙarfe na wanke tukunya a ciki, a rufe, shi ke nan. Ban yarda ba. Soson yakan ƙone ko ya yi tsatsa ya dunƙule, ko dai ya fice ƙarar ta dawo, ko ya toshe hanya injin ya shaƙe. Na duba sababbin salansa na kasuwa, masu arahar ƙarfensu kamar gwangwanin madara, ita kuwa taka ta asali ce, jikinta mai kauri. Sai muka samu wani dattijo da ya san aikin.

Ya sa aka kwance ta daga jikin mashin tukuna, don ba a walda kusa da tanki. Ya sake buɗe ta inda aka yanka, ya kankare baƙin hayaƙin. Ya samo bututu daidai faɗin na asali, ya huhhuda shi ƙananan ƙofofi, ya naɗe shi da audugar gilashi mai jure zafi, ya ɗaure da waya. Sannan ya yanka faranti biyu ya raba cikin ɗaki-ɗaki, yadda hayaƙin zai yi ta zagaye yana rage ƙarfi kafin ya fita. Na so hikimarsa a wuri ɗaya: murfin baya bai liƙe shi da walda ba, noti ya sa, saboda audugar tana cinyewa da daɗewa, in ƙara ta fara dawowa sai a kwance a canza ta kawai.

Da muka ɗaura, sai aka ji wani tsit-tsit daga gaba. Ashe zoben gaskit ɗin da ke tsakanin salansa da kan injin ya mutu, hayaƙi na tsiyaya. Aka sa sabo. Bakanike ya daidaita sukurun iska da na silo, wato bugun injin in mashin na tsaye, ya duba bawul, Allah ya taimaka bai ƙone ba. Bayan kwana biyu muka sake kwance fulogi, ya fara komawa ruwan ƙasa. Yanzu in ya shigo layi sai ya zo ƙofar gida ake sanin ya dawo.

Maganarsa ta masu mota kuwa ba shirme ba ce, ka san hanyar Kawo da yamma. Da ragowar kuɗin na sa masa sabon hon, aka gyara fitilar birki da ta daɗe a mace. Hular kwano ce ta rage, kuɗin ba su kai ba.

Roƙona ɗaya, don Allah in ka kira shi kar ka ɗaga masa murya, kuma kar ka ce za ka karɓe mashin ɗin. Da shi yake kai Hajiya asibiti, da shi yake neman na kansa. Ya tsaya a kan aikin daga farko har ƙarshe, kuma ya je ya ba tsohon nan haƙuri ba tare da na sa shi ba. In ka samu hali ka turo na hular kafin ƙarshen wata.

Ka gaida uwargida da yara. Ka sanar da ni ko za ka zo babbar sallah.

Naka,
Amininka