Fim ɗin addini ma yana buƙatar mai sharhi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ara mini ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato fina-finan tarihin annabawa da sahabbai da gidajen talabijin ke sa mana, musamman da azumi.

Ni malamin Islamiyya ne, ina koyar da 'yan aji biyar da yamma. Da muka koma makaranta bayan ƙaramar Sallah sai muka shiga Suratu Yusuf. Ina cikin fassara musu wurin da matar Azizu ta amsa laifinta a gaban sarki, sai wata yarinya da ba ta wuce shekara 11 ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ina wurin da Zulaiha ta tsufa ta makance, Annabi Yusuf ya yi mata addu'a ta koma budurwa?" Na ce a wace aya kika gani? Ta ce ita dai da idonta ta gani. Kafin in rufe baki aji ya kaure, kowa yana ba ta gaskiya. Wani yaro har da gyara mini suna, wai a Masar ba Yusuf ake ce masa ba, Yuzarsif ne.

Ban yi musu faɗa ba. Na sa kowa ya buɗe Alƙur'aninsa, ni kuma na ɗauko tarjamar marigayi Shaihu Abubakar Gumi, muka bi surar aya bayan aya har 111, kwana uku muna yi. Ba mu ci karo da sunan Zulaiha ba, matar Azizu kawai aka ce. Ba mu ga inda ta makance ba; wanda idanunsa suka yi fari don baƙin ciki Annabi Yakubu ne, a aya ta 84. Sarkin ma ba a faɗi sunansa ba, sarki kawai aka kira shi, alhali fim ɗin Annabi Yusuf da yaran suka kalla a talabijin ya raɗa masa suna daga cikin sarakunan Masar na da, ya kuma gina rigima mai tsawo tsakaninsa da bokayen gunkin Amun. Yara suka yi gum. Amma na lura a fuskokinsu cewa ni suke shakka, ba talabijin ba. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, kuma su sun gani.

Fim ɗin da suke magana a kai sananne ne. A Iran aka shirya shi, aka fara nuna shi a 2008, kashi 45 ne, marigayi Farajullah Salahshur ya ba da umarni. Da Farisanci aka yi shi, aka juya shi zuwa harsuna da dama har ya iso gare mu da Hausa. Ba zan ɓoye ba, ni ma na kalla, kuma ranar da aka nuna haɗuwar uba da ɗa bayan shekaru sai da na share hawaye. An kashe kuɗi, an iya aiki. Kuma adalci shi ne a ce labarin komawar Zulaiha budurwa ba mai fim ɗin ne ya ƙaga shi ba, yana nan cikin littattafan ƙissa da waƙoƙin mutanen Farisa tun ƙarnoni da suka wuce.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk wanda ya saba zama wurin tafsiri ya san yadda malami ke yi in ya zo kan irin wannan labari. Zai ce "an ce", ko "wasu sun ruwaito", ko ya fito fili ya ce wannan Isra'iliyya ce, ba mu gaskata ta, ba mu ƙaryata ta. Da wannan 'yar kalma yake raba wa mai sauraro abin da Allah ya faɗa da abin da mutane suka ƙara. Kyamara ba ta san "an ce" ba. Aya da ruwaya mai rauni da abin da marubucin fim ya saƙa don ya cika minti arba'in da wani abu, duk da launi ɗaya suke fitowa, da kiɗa ɗaya, daga bakin mutum ɗaya. Yaro ɗan shekara 11 ta yaya zai tsince?

Sai kuma maganar fuska. Mustafa Zamani, ɗan wasan da ya fito a matsayin Annabi Yusuf, yau a unguwarmu ba wanda ya san shi da sunansa. Na taɓa ganin hotonsa a fuskar wayar wani matashi mai gyaran babur, na tambaye shi wane ne wannan, ya ce, "Annabi Yusuf ne mana, Malam." Da na ba maƙwabcina wannan labari, shi Kirista ne mutumin Wusasa, sai ya yi dariya ya ce su sun daɗe da wannan ciwo, domin hoton da ke rataye a ɗakuna da yawa ana cewa na Annabi Isa ne, fuskar wani Baturen Ingila ce da ya yi wasan a shekarun 1970.

Wannan damuwa ba sabuwa ba ce a duniyar Musulmi. Lokacin da Mustafa Akkad, mutumin Halab ta ƙasar Siriya, ya shirya fim ɗin Ar-Risala a 1976, bai nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba, bai sa murya a madadinsa ba, bai kuma nuna halifofi huɗu ba. Inda ake magana da Annabi sai ɗan wasa ya fuskanci kyamara. Duk da wannan taka-tsantsan wasu malamai ba su yarda ba, saboda an nuna Sayyidina Hamza. A azumin 2012 kuma tashar MBC ta fito da tarihin Sayyidina Umar, inda aka nuna halifofin duka huɗu ƙuru-ƙuru. Jami'ar Azhar ta Masar ta nuna rashin amincewa, Muftin Saudiyya ya soki abin, yayin da irin su Shaihu Yusuf Ƙardawi suka kasance cikin waɗanda suka duba rubutun labarin. Can an yi ta muhawara a jaridu, mai kallo ya san da saɓanin kafin ya zauna. Mu nan sai dai a kunna mana kawai, a rubuta "shirin azumi" a gefe.

Ga kuma tallace-tallace, ko da yake wannan ƙaramin ƙorafi ne. A wata tasha ana tsakiyar jefa Annabi Yusuf cikin rijiya aka katse, aka sako tallar maganin basir.

Hukumar tace fina-finai ta Kano tun 2001 take bin fina-finan gida, ana ta cece-kuce kan rawa da waƙa da sutura. Jaridarku ma takan yi sharhi a kan sabon fim ɗin Kannywood, har a ce wane bai iya kuka ba. Amma da zarar an ce fim na addini ne sai kowa ya ɗauke kai, kamar sunan ya wanke shi. A ganina shi ne ya fi cancantar a sa masa ido, tun da shi ne uba ke kiran 'ya'yansa su zo su kalla, yana ganin lada yake nema.

Roƙona shi ne ku ware ɗan shafi, ko da sau ɗaya a mako ne daga Sha'aban zuwa Sallah, ku ba wanda ya san tafsiri da tarihi, ya kuma san yadda ake gina labarin fim. Ya gaya mana wa ya shirya shi, a wace ƙasa, a kan ruwayar wace mazhaba, me ke cikin Alƙur'ani, me aka ɗauko daga ƙissoshi, me aka ƙaga. Ya kuma duba fassarar, domin magana da ta taso daga Farisanci ta yi zango kafin ta sauka a Hausa ba ta rasa abin da ta zubar a hanya. Gidajen talabijin su ma minti biyu a ƙarshen kowane kashi ya ishe su, malami ya fito ya ce "an ce" ɗin da kyamara ta kasa faɗa.

Zango mai zuwa Suratul Kahfi za mu shiga, kuma na ji yara suna labarin fim ɗin As'habul Kahfi. Aya ta 22 ta kawo masu cewa su uku ne, da masu cewa biyar, da masu cewa bakwai, sannan ta ce Ubangiji ne mafi sanin adadinsu. Yarinyar nan tuni ta lissafa mini sunayensu duka, har da na matar babbansu.

Wassalam.

Naku,
Malamin Islamiyya, daga Zariya